Agogon yaro a tsakar gida yake

A gidanmu na unguwar Bagalam, cikin garin Maraɗi, akwai ɗiyar ƙanena, shekararta biyu da rabi. Ba ta san ƙarfe nawa ba, ba ta bambanta Talata da Laraba, amma duk gidan babu wanda ya kai ta sanin lokacin dawowar babanta. Da an sallame sallar magariba za ta yar da abin da ke hannunta ta nufi bakin zaure. 'Yan kabu-kabu suna ta wucewa a layin, ko kai ba ta ɗagawa. Ƙarar babur ɗinsa kuwa tun daga kwana take gane ta. In ya shigo sai ya cire hularsa ya kifa mata a ka har ta rufe mata ido, ta ƙyalƙyale da dariya, ta karɓi ledar hannunsa ta kai wa uwarta, ko da sabulu ne kaɗai a ciki. Sai a zuba tuwo.

Ran nan baban nata ya tafi garin Ɗan Isa ɗauko kaya, dare ya yi masa a hanya. Tuwon dai na kullum ne, miyar kuka ce, kwanonta ne, amma yarinya ta ce ba ta san zance ba. Aka lallasa, aka yi tsawa, ta kafe a bakin zaure tana shessheƙa. Uwarta ta gaji ta ce, "Inna, kin ga rigimar 'yar nan ko? Haka kawai." Mahaifiyarmu, da ke kan tabarma tana jan carbi, ta ce, "Ba haka kawai ba ne. Ranarta ce ba ta cika ba." Ta tashi ta ciro wata tsohuwar hular ƙanen nawa daga jikin ƙusa, ta kifa wa jikar tata. Yarinya ba ta yi dariya ba, amma ta yarda ta zauna, ta ci loma huɗu ko biyar, barci ya ɗauke ta da hular a ƙirji.

Tun daga daren nake juya maganar nan ta Inna. Mu Hausawa muna cewa sabo turken wawa, kuma ga babba maganar tana da gaskiyarta. Ga yaron da bai kai shekara biyar ba kuwa, sabo shi ne turken da ke riƙe masa duniya kada ta ɓalle. Mu manya muna yawan tumɓuke turken nan ba tare da mun san mun taɓa wani abu ba, sannan mu kira abin da ya biyo baya rigima.

Babba yana da abubuwan da yake kwantar wa kansa hankali da su. In matarsa ta je unguwa ya san za ta dawo, in albashi ya yi jinkiri yana iya ƙirga kwanaki. Ƙaramin yaro ba shi da ko ɗaya. "Anjima" da "gobe" da "jibi" duk kalma ɗaya ce a kunnensa, ma'anarta ba yanzu ba. Ba ya iya ɗebo wa kansa ruwa, ba ya iya rarrashin kansa. Abin da ƙwaƙwalwarsa ta ƙware a kai tun da wuri shi ne lura da abin da ke bin wani: in an kwance zanen goyo nono na tafe, in an ɗauko soso da bokiti wanka ne, in ladan ya kira magariba Baba ya kusa. Duk sanda abin da ya zata ya tabbata, jikinsa yana samun shaidar cewa wurin nan abin amincewa ne. In kuwa bai san abin da zai faru ba, jikin yana shiga shirin ko-ta-kwana: zuciya ta ƙara bugu, wani sinadari da likitoci ke kira kotizol ya ƙaru a jini. Wannan shiri yana da amfaninsa in na ɗan lokaci ne kuma akwai hannun da zai ɗauki yaron ya lafa. Matsalar ita ce ya zama kullum. Yaron da ke zaman ɗar-ɗar ba ya sakin jiki ya yi wasa, kuma a wannan shekaru wasa ne makarantarsa; ba ya ci da kyau, barcinsa ma a tsorace yake yi.

Masana sun daɗe da bin wannan sawu. Likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila John Bowlby shi ya yi fice da bayanin cewa shaƙuwar jariri da mai renonsa buƙata ce ta rayuwa kamar ci da sha. Abokiyar aikinsa Mary Ainsworth kuwa a Afirka ta fara ganin abin da idonta, cikin gidajen ƙauyukan da ke kusa da Kampala a Yuganda, a 1954 da 1955. Ta lura cewa yaron da ya amince uwarsa tana nan shi ne yake rarrafawa nesa ya binciki tsakar gida, yana waiwayowa jefi-jefi. Wanda bai amince ba ya fi maƙalewa. Kowace mace a Maraɗi ta san wannan waiwaye. A 1977 kuma Robert Marvin da Robert LeVine da abokan aikinsu sun wallafa abin da suka gani a gidajen Hausawa a arewacin Najeriya. Jariran da suka bi ba su kai ashirin ba, amma abin da suka samu ya yi daidai da abin da muka sani: jaririn Bahaushe yakan shaƙu da mutum uku ko huɗu, kuma wanda ya fi shaƙuwa da shi shi ne wanda ya fi ɗaukarsa da kula shi, ko da ba ita ce mai ba shi nono ba. Wannan yana da muhimmanci a wurinmu, inda kunyar ɗan fari kan sa uwa ta ja baya, kaka ko gwaggo ko abokiyar zama ta zama ita ce mai rarrashi. Yawan hannaye ba ya rikita yaro, matuƙar hannayen nan su ne dai jiya, su ne yau.

Shi ya sa nake ganin shawarwarin da ke yawo a wayoyi, na cewa lalle yaro ya kwanta ƙarfe takwas daidai a ɗakinsa shi kaɗai, sun kama reshe sun bar tushe. Yaro bai damu da allurar agogo ba. Jerin abubuwa ya sani, da fuskar mai yin su. Kuma gidan Bahaushe, ko na talaka ne futuk, yana da jerin da ya fi na takarda ƙarfi. Kiran asuba, ƙarar buta, hayaƙin murhu, ɗumame ko koko da ƙosai. Hantsi ya yi a yi wanka, a shafa mai, a sa kwalli. Rana ta take a dama fura. Bayan azahar gida ya yi tsit. La'asar yayye su ɗauki allo su fita, sautin turmi ko na injin niƙa ya tashi. Magariba a tattaro yara cikin gida, a ci tuwo, bayan lisha a shimfiɗa tabarma, uwa ta yi addu'a ta tofa ta shafe su. Salloli biyar sun riga sun yanka yinin gida-gida, ba tare da kowa ya zauna ya tsara ba. Har rabon girki yana cikin lissafin yaro. Ɗan shekara uku a gidan mata biyu ya san yau girkin wace ce, ya san ƙofar da zai kai kwanonsa. Inda ake adalci, kwana bibbiyun nan ma agogo ne. Inda kishi ya shiga tukunya, shi ne na farko da zai ji a kwanonsa.

Sai dai maimaituwa kaɗai ba ta isa ba, kuma a nan ne batun yake da sarƙaƙiya. Akwai yaron da shi ma ya san ƙarar babur ɗin babansa, amma da ya ji ta sai ya ruga bayan randa ya ɓuya, don ya san abin da ke biyo baya tsawa ce da duka. Shi ma yana da agogo, na fargaba. Wata masaniyar halayyar iyali a Amurka, Barbara Fiese, da ta tattara binciken shekara hamsin kan wannan fage a 2002, ta raba abu biyu: aikin da ake yi don a gama, da aikin da yake ɗauke da saƙon "kai namu ne". Wanka yana iya zama a finciko yaro, a watsa masa ruwa, a ture shi gefe. Wankan nan dai yana iya zama da 'yar waƙa, da kirarin da uwa ke yi wa ɗanta, da cakulkuli in an zo tafin ƙafa. Ruwan ɗaya ne, sabulun ɗaya ne, mintocin ma kusan ɗaya ne. Hular da ƙanena ke kifa wa ɗiyarsa ba ta ci masa ko dala ba.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar wurin yaye, kuma a nan zan daɗe kaɗan domin abin yana ci mini rai. Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa. A aikace, sau da yawa sabon ciki ne yake yanke ranar. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2012 ya nuna macen Nijar tana haihuwar 'ya'ya 7.6 a matsakaici, a jihar Maraɗi kuwa adadin ya haura 8. Ma'ana ɗimbin yaranmu ana sauke su daga baya ne don wani na tafe. Yadda aka saba yi kowa ya sani: a wayi gari rana ɗaya a shafa wa nono abu mai ɗaci, a ɗauki yaro a kai shi gidan kaka, wani lokaci a wani gari, Tibiri ko Tasawa ko Madarunfa, ya yi kwanaki ba ya ganin uwarsa don ya manta. A ƙirga abin da ya rasa a yini guda. Nono, wanda abinci ne kuma maganin kuka. Bayan uwa. Ƙamshin zanenta da dare. Ɗakin da ya sani, muryoyin da ya sani, har zakaran da ke tashinsa. Bayan kwana uku ya daina kuka, sai a ce ya haƙura, yaron kirki. Ni ina shakkar wannan haƙuri. Shiru iri biyu ne a wurin yaro, akwai na wanda ya natsu, akwai na wanda ya fid da rai, kuma daga nesa kamanninsu ɗaya.

Ba ina cewa kakanninmu ba su san abin da suke yi ba. A gidan gandu na da, kakar da ake kai wa yaye tana bayan danga ne, tun yana jinjiri a cinyarta yake yini, furarta ya saba sha. Nono kaɗai aka cire masa, sauran duniyarsa tana nan. Yau ma'aurata suna haya a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo cikin Maraɗi, kaka tana ƙauye, yaro bai gan ta ba sai da salla. Sunan al'adar bai canza ba, abin da ke cikinta ya canza. Kuma ma'aikatan gidan likita sun san lokacin yaye lokaci ne mai haɗari: yaro ya ƙi abinci, zawo ya shigo, tamowa ta samu ƙofa. Mutanen Maraɗi ba sa buƙatar a ba su labarin tamowa, mun ga 2005 da idonmu, lokacin da cibiyoyin ƙungiyar agaji ta Likitoci Marasa Iyaka suka cika da yara. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, cikin matakai goma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa don jinyar yaro mai tsananin tamowa, ɗaya shi ne a yi masa wasa, a nuna masa ƙauna, a bar uwarsa kusa da shi tana ba shi abinci tana yi masa wanka. A Jamaika, a ƙarshen shekarun 1980, likita Sally Grantham-McGregor ta bi yara 129 da rashin abinci ya tsumburar. Wasunsu an riƙa kai musu ziyara sau ɗaya kowane mako har shekara biyu, ana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta. Bayan shekara ashirin aka koma aka tarar waɗanda suka samu ziyarar suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na sauran da kusan kashi 25 cikin 100. Awa guda a mako ce, amma ba ta fashi. In da za a janye nono sannu a hankali, na rana tukuna sannan na dare, a bar wa yaro goyonsa da makwancinsa, ko a fara saba masa da kakar tun watanni kafin ranar, da an rage kukan da ba dole ba.

Mutuwar aure ma haka take yi, har ta fi. Manya suna can suna lissafin kayan ɗaki da idda da wanda zai riƙe wa, ba mai tuna cewa ɗan shekara uku ya kwanta a gida ɗaya ya tashi a wani. In ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya fara tsotsar yatsa, ko ƙiwa ta dawo masa, sai a ce sangarta ce ko an yi masa baki. Komawa baya irin wannan sananniyar alama ce ta yaron da aka girgiza masa zama. Tafiyar ci-rani ta fi sauƙi domin tana da ranar dawowa, amma mu ne muka san ranar, shi bai sani ba. Da an gama girbin hatsi magidanta suna watsewa, Kano, Legas, Agadas, Aljeriya, wuraren haƙar zinariya, sai gab da damina. Yawanci da asuba ake sulalewa yaro yana barci, wai don kada ya yi kuka. Kukan bankwana na minti goma ne. Wanda ya farka ya tarar mutum ya ɓace ba bayani kuwa, darasin da ya ɗauka shi ne mutane suna iya ɓacewa in ka rufe ido, daga nan sai a yi ta fama da shi wajen barci.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin kowa. Tun 2019 dubban iyalai suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa yankin Gidan Rumji suna gudun 'yan bindiga, mafi yawansu mata da yara. A daminar 2024 ruwa ya rushe gidaje a cikin garin Maraɗi da kewaye, iyalai suka koma azuzuwan lakwal, har gwamnati ta ɗage komawa karatu a ƙasa baki ɗaya zuwa 28 ga Oktoba. Wata 'yar'uwarmu tana cikin waɗanda suka kwana a aji. Na je duba su da hantsi na tarar ta durƙusa a bayan ajin da rabin bokitin ruwa tana yi wa ɗanta wanka, tana rera masa waƙar da take yi masa a gida, ɗakinsu kuwa ya zama tarin laka. Na ce, "Yaya, a wannan hali ma?" Ta ce, "In ban yi masa ba yini zai yi yana kuka." Ƙungiyoyin agaji irin su UNICEF, in suka buɗe wa yara wurin wasa a sansani, abin da suke nema ke nan: wuri ɗaya, lokaci ɗaya, fuskoki ɗaya kowace rana. Ita ba ta taɓa zama a wani taron horo ba.

Ba na son a karanta wannan a ɗora wa mata wani sabon laifi. Matar da ke tashi kafin asuba ta jiƙa waken awara, ta yini gaban kasko, ta bar jinjiri a bayan yayarsa 'yar shekara bakwai, ba sakaci take yi ba, tuwon dare take nema. Gidan da ba a san ko za a ɗora tukunya yau ba, babu mai yi masa wa'azin cin abinci kan lokaci. Abin da nake gani dai shi ne, yaro ba ya buƙatar yinin duka ya tafi kan layi. Turaku biyu ko uku sun isa, in dai ba sa motsi: yadda ake tashinsa, wanda yake ci tare da shi, yadda ake kwantar da shi. Biki da suna da azumi da salla suna birkita komai, yara kuma suna jurewa har su ji daɗi, domin mutanensu suna nan. Hadisin da Nana A'isha ta ruwaito, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, a kan ibada ya zo, amma duk mai reno zai gane hikimarsa. Kuma maza su sani rabonsu a nan ba ƙarami ba ne. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan taƙaita salla in ya ji kukan yaro, ya kuma yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama.

Turken da na fi jin tsoron rasawa shi ne na dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a yini da dare, ɗan 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13. A gidaje da yawa yanzu talabijin tana kunne har sha ɗaya, ko a miƙa wa yaro salula don ya yi shiru, hasken allo yana kore masa barci, uwa da uba kowa ya duƙufa kan tasa wayar. Lokacin da Najeriya ta yanke mana wutar lantarki a watan Agusta na 2023 an sha wuya ƙwarai, masu sana'a sun yi asara, amma a gidanmu na ga yara sun koma kewaye Inna a tabarma. "Ga ta nan, ga ta nanku." "Ta zo mu ji ta." Tatsuniyar Gizo guda ɗaya suka riƙa nema dare bayan dare, in ta tsallake wani wuri ko ta sauya kalma su yi caa, "A'a Inna, ba haka ba ne!" Babba yana sauraron labari don ya ji abin da bai sani ba. Yaro yana so ya ji abin da ya sani yana zuwa daidai inda ya zata, ya riga mai labarin faɗa. Kafin a kai ƙurunƙus rabinsu sun yi barci.

Ƙanena bai daina tafiya Ɗan Isa ba, wani lokaci har Kano, abincinsa ke nan. Amma ya daina fita a ɓoye. Yakan tsuguna ya ce mata, "Uwata, zan tafi. In kin ci tuwo yau, kin ci na gobe, na uku tare za mu ci." Ta yi kukanta a bakin zaure, ya ba ta tsohuwar hular ajiya. Da magariba har yanzu tana zuwa ta leƙa layin, ta ɗan tsaya, sannan ta dawo ta ɗauko hular ta kai wa kakarta ta kifa mata.